Zauren Tambaya da Amsa: Keken Guragu, Na'urar Ji da Sauran Kayan Taimakon Nakasassu

Assalamu alaikum masu karatu. Yawancin wasiƙun da suka iso mana a wannan wata a kan abu guda suke, wato kayan da mai nakasa yake dogara da su wajen tafiya ko ji ko gani. Na zaɓi guda biyar daga ciki, na kuma ba ta farko fili fiye da sauran, domin akwai rai a cikinta.

Tambaya: Malam, ƙanena ya yi hatsarin mota shekara biyu da suka wuce, lakarsa ta taɓu, daga ƙugu zuwa ƙasa ba ya motsi kuma ba ya jin taɓi. Bara aka yi rabon kekunan guragu a garinmu, Allah ya sa ya samu ɗaya. Ba a yi wata huɗu ba ƙananan tayoyin gaba suka karye, ledar mazaunin ta lotsa, yanzu kuma wani gyambo ya fito masa a ɗuwawu ya ƙi warkewa. Mahaifiyarmu ta ce ba a ƙorafi a kan kyauta. Laifin keken ne ko laifinmu? Daga wata 'yar'uwa a Funtuwa.

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya ba ƙanenki lafiya, ya saka muku da alheri a kan ɗawainiyar da kuke yi da shi. Kafin mu zo ga keke, ina roƙonki da ku kai shi asibiti a cikin wannan mako, kuma daga yau ya daina zama a kan gyambon kwata-kwata, ya riƙa kwanciya rub-da-ciki ko a gefe ana juya shi duk bayan awa biyu. Irin wannan gyambo daga ciki yake cin nama, abin da ido yake gani a waje kaɗan ne daga abin da ke ƙasa, kuma idan ya kai ga ƙashi ko ƙwayoyin cuta suka shiga jini yana iya kisa. Yana cikin manyan abubuwan da ke ɗauke masu ciwon laka a ƙasashe irin namu tun suna da ƙuruciya.

Yadda abin yake faruwa shi ne, ni da ke idan muka daɗe a zaune jiki yakan dame mu mu muskuta ba tare da mun sani ba, jini ya koma inda ya tsaya. Ƙanenki ba ya samun wannan saƙo, saboda haka nauyinsa yakan tsaya a kan ƙasusuwa biyu na mazauni na tsawon sa'o'i, fata da naman da ke tsakanin ƙashi da kujera su rasa jini su mutu. Ledar da kika ce ta lotsa ita ta ƙara tara nauyin wuri guda. Wanda ke cikin halinsa ba a ba shi keke sai da matashin zama na musamman mai rarraba nauyi, sannan a koya masa ya riƙa ɗaga jikinsa ko ya sunkuya gaba duk bayan minti 15 zuwa 30, a kuma riƙa duba fatarsa safe da yamma da madubi. Duk inda aka ga fata ta canza launi ko ta yi tauri ko zafi, aka sauka daga kanta rabin awa ba ta koma daidai ba, to gyambo ne yake sallama.

Daga yadda kika siffanta keken, irin wanda ake tura marar lafiya da shi ne a cikin asibiti, daga ɗaki zuwa ɗaki a kan daɓe mai santsi. Ba a ƙera shi don yashi da lambatu da dokin ƙofa ba. Na taɓa tsayawa a wani lungu ina kallon wani matashi a irin wannan keke, tayoyin gaba sun nutse a rairayi, yana turawa da iyakar ƙarfinsa na baya suna juyawa a wuri ɗaya, har sai da yara biyu suka ajiye tallarsu suka ɗaga masa gaban keken. Ya yi musu godiya, amma na ga fuskarsa. Mutumin da aka ba abin da zai raba shi da jiran mutane, ga shi yana jiran mutane a kowane taku ashirin.

Tun a shekarar 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin bayar da keken guragu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, ta kuma sabunta su a 2023. Abin da suka ƙunsa bai wuce hankali ba: a duba mutum da irin nakasarsa da inda yake zaune kafin a zaɓar masa keke, a daidaita keken da jikinsa, a koya masa da masu kula da shi yadda ake aiki da shi, sannan a riƙa bibiya ana gyara. Faɗin mazauni ya zama daidai da ƙugunsa, tsakanin bakin kujera da bayan gwiwarsa a bar wurin yatsa biyu ko uku, matakin ƙafa kuma ya zama cinyarsa ta kwanta sosai. Zanen aro ba ya rufe katara, haka ma keken da ba a auna mai shi ba.

Akwai kekunan da aka ƙera don ƙasa irin tamu, masu dogon jiki da faffaɗar tayar gaba, wasu ma ƙafa uku gare su, kuma tayoyinsu na baya irin na keken hawa ne, ta yadda kowane mai faci zai iya yi musu aiki, boris da sauran kayan gyaransu kuma suna nan a kasuwa. Su ya kamata ku nema ta hannun sashen gashin ƙashi na babban asibitin da ya fi kusa da ku. Keken nan mai ƙafa uku da ake tuƙawa da hannu, wanda masu walda suke ƙerawa a Kano da Jos, har wasu daga cikin maƙeransa su kansu shan inna ce ta taɓa su, abin alfahari ne kuma ya kai dubban yara makaranta, sai dai ya fi dacewa da wanda bayansa ke da ƙarfi kuma yana jin jikinsa, ga shi ba ya shiga ɗaki ko banɗaki. Idan ƙanenki zai hau shi nan gaba, sai bayan gyambon ya warke kuma da matashin da ya dace.

Ki gaya wa Mama cikin ladabi cewa godiya ga mai kyauta tana nan daram, kuma gaya masa gaskiya a kan abin da kyautarsa ta haifar taimakonsa ne, domin wataƙila bana ma zai sake rabo. Ni dai a ganina, wanda yake da kuɗin keke ɗari ya fi samun lada idan ya sayi sittin masu kyau, ya kashe ragowar a kan awo da matashi da gyaran shekara biyu. Laifi ba naku ba ne, ba wanda ya koya muku.

Tambaya: Ni malamin makarantar firamare ne. Ina yawan jin ana cewa a ƙasashen Turai nakasasshe ba ya rasa kayan taimako. Mene ne gaskiyar bambancin, kuma me ya sa abin ya gagare mu alhali muna da doka? Daga wani malami a Azare.

Amsa: Malam, bambancin ya fi yadda ake faɗa. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fitar a watan Mayun 2022 ya nuna mutum fiye da biliyan 2.5 ne suke bukatar aƙalla abu ɗaya daga cikin waɗannan kaya, idan aka haɗa da tabarau, kuma kusan biliyan 1 daga cikinsu ba su samu ba. A wasu ƙasashe matalauta kashi 3 cikin 100 kacal na masu bukata ne suke da abin da suke bukata, a wasu ƙasashe masu arziki kuwa adadin ya kai kashi 90. Ana kuma sa ran masu bukatar za su haura biliyan 3.5 nan da shekarar 2050, saboda tsofaffi suna ƙaruwa, cututtuka irin su ciwon suga da shanyewar ɓarin jiki su ma suna ƙaruwa.

Kuɗi ne dalili na farko da kowa yake ambata, kuma gaskiya ne. Mafi yawan kayan daga waje ake shigo da su da dala, iyali ne suke biya daga aljihunsu, kuma tun da darajar naira ta faɗi a 2023 abin da ya gagari talaka ya fara gagarar ma'aikaci. Amma ni abin da ya fi damuna shi ne ƙarancin masu aikin. Na'ura ana iya loda ta a jirgi ta iso cikin mako guda, wanda zai auna kunne ko ya zuba ma'aunin dungulmi ko ya daidaita kujera kuwa sai an shekara uku ko huɗu ana koyar da shi, kuma idan ya ƙware babban birni yake zama, ko ya bar ƙasar baki ɗaya. Mutumin ƙauye sai ya biya kuɗin motar mutum biyu, da shi da mai rakiya, ya kwana a gari, a ce masa ya dawo wata mai zuwa. Da yawa ba sa komawa.

Batun doka kuwa, Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin nakasassu a 2010, Nijar ta riga ta tun 2008, kuma yarjejeniyar ta ɗora wa gwamnatoci nauyin sauƙaƙa samun kayan taimako a farashi mai rahusa. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar hana nuna wa nakasassu wariya, wadda ta ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a yadda mai keke zai iya shiga, aka kuma kafa hukumar kula da nakasassu ta ƙasa a 2020. Wa'adin ya cika, kai da kanka za ka iya duba ƙofar ajinka ka ga ko keke zai hau. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin kayan taimako 50 da ta ce su ne kan gaba, kamar yadda ake da jerin muhimman magunguna. Abin da nake fata shi ne a riƙa ganin waɗannan kaya a cikin kasafin lafiya na jihohi da tsarin inshorar lafiya kowace shekara, domin muddin sai an yi bikin rabo ake samunsu, to samun ya zama sa'a, kuma babu mai tambayar abin da ya faru da keken bayan an tashi taro.

Tambaya: 'Yata mai shekara shida ta yi sanƙarau da bazarar da ta wuce. Ta warke, alhamdu lillahi, amma ba ta ji sai an yi ihu, wani lokaci ko an yi ma ba ta waiwayowa. Wani mai shago ya nuna mana wata na'ura da ake maƙalawa a kunne, ya ce tana dawo da ji, kuma ba tsada. Mu saya? Kakarta kuma ta hana a koya mata maganar hannu, wai za ta zama bebiya. Daga wata uwa a Maraɗi.

Amsa: Hajiya, kada ku saya tukuna. Abin da ake sayarwa a shaguna ba tare da awo ba yawanci ƙaramin lasifika ne, yana ɗaga kowace ƙara daidai wa daida, muryarki da kukan injin niƙa da hon ɗin babur, kuma idan ƙarar ta yi yawa tana iya lalata ɗan jin da ya rage wa yarinyar. Araha ba ta ado. Na'urar ji ta gaskiya sai an auna kowane kunne an ga irin sautin da ya ɓace da wanda ya rage, sannan a saita ta a kan wannan awo.

Ku hanzarta kai ta wurin likitan kunne, kada ku jira. Sanƙarau yakan taɓa can cikin kunne inda sauti ke komawa saƙon jijiya, kuma a wasu yaran wurin yakan fara ƙanƙarewa ya zama ƙashi cikin 'yan watanni, abin da ke rage zaɓin da likita yake da shi daga baya. Na san neman likitan ba wasa ba ne. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 kan ji ya nuna cewa mafi yawan ƙasashe matalauta ba su da ko likitan kunne ɗaya ga mutum miliyan guda, masu awon ji kuwa sun fi haka ƙaranci. Ku fara da babban asibitin da ke kusa ku nemi a tura ku inda ake awon. Ga 'yan'uwanmu na Najeriya, akwai cibiyar kula da kunne ta ƙasa a Kaduna, da sassan kunne a asibitocin koyarwa.

Idan awo ya nuna na'ura za ta amfane ta, ku yi tambayoyi uku kafin ku biya: ina ake samun batirinta, wa zai gyara ta idan ta tsaya, kuma ina za a sake yi mata robar da ke shiga kunne. Ƙananan batiran nan ba sa wuce 'yan kwanaki zuwa mako biyu, robar kuma sai an riƙa canzawa domin kunnen yaro yana girma, in ta yi sako-sako na'urar ta riƙa fito. Gumi da ƙurar hunturu su ma abokan gabarta ne, shi ya sa ake goge ta kullum a ajiye ta a busasshen mazubi da dare. Yanzu akwai masu caji, har da waɗanda ake cajawa da hasken rana, kuma su suka fi dacewa da inda wuta ba ta zama. Na'urori da yawa da aka raba kyauta suna kwance a cikin kwalla da akwati, lafiyarsu ƙalau, batir ne kawai ya ƙare.

Game da Kaka, tsoronta na ƙauna ne, a lallashe ta. Maganar hannu ba ta kashe maganar baki. 'Yarki ta riga ta iya Hausa kafin ciwon, wannan babbar dukiya ce, kuma hanyar tsare ta ita ce ku ci gaba da yi mata magana kuna fuskantarta a wuri mai haske, a hankali ba da ihu ba, kuna barinta ita ma ta yi ta magana. Maganar hannu ƙari ce a kan wannan, kuma kurame a ƙasar Hausa suna da tasu tun kaka da kakanni, cikakken harshe da ake ciniki da hira da wa'azi da shi. Abin da ke cutar da yaro kurma shi ne a bar shi a tsakar gida ana ta hira ba ya cikin kowace.

Tambaya: Mahaifiyata ɗinkin hula take yi, da shi ta rene mu. Yanzu ta kusa shekara hamsin, ba ta iya zura zare a allura, ta ce ido ya mutu ta ajiye sana'a. Akwai abin yi? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Akwai, kuma mai yiwuwa shi ne mafi sauƙi a duk wasiƙun yau. Daga shekara 40 zuwa sama ƙwayar ido takan rage laushi, ganin abu na kusa ya yi wuya alhali na nesa yana nan, kuma wannan yana samun kusan kowa. Tabarau na karatu shi ne maganinsa, kuɗinsa bai kai na hula ɗaya mai aiki ba, amma rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2019 ya ƙiyasta mutum fiye da miliyan 800 suna fama da wannan matsala ba tare da tabarau ba. Ka kai ta asibitin ido a auna, domin a wannan shekaru ana so a duba hawan jinin ido da yanar ido ma, musamman in tana da ciwon suga. Ku tafi da allura da zare da hular da ta fara ba ta gama ba, ta gwada tabarau ɗin a kan aikinta kafin ku baro wurin.

Tambaya: Na faɗi a babur ƙafata ta karye, aka yi mini ɗori a gida, ƙafar ta ruɓe, daga ƙarshe aka yanke ta ƙasa da gwiwa wata biyu da suka wuce. Ni manomi ne. Shin da ƙafar roba zan iya komawa gona, in kuma yi zaman tahiya? Daga wani ɗan'uwa a Gaya.

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya sa kaffara ce. Tun da gwiwarka tana nan, kana cikin waɗanda ƙafar roba ta fi yi wa amfani, kuma manoma da yawa masu irin yankanka sun koma gona. Aikin da za ka yi a waɗannan watanni shi zai nuna yadda ƙafar za ta zauna maka. Ka riƙa naɗe dungulmin da bandeji mai talewa kamar yadda ma'aikatan asibiti za su nuna maka, domin kumburi ya sauka ya yi siffar da za ta shiga mazubi, wato ƙoƙon saman ƙafar roba da dungulmin yake zama a ciki. Kada ka riƙa zama ko kwanciya da gwiwa a lanƙwashe ko ka sa matashi a ƙarƙashinta, domin in ta saba da lanƙwasa ta ƙage, miƙe ta yana da wuya, kuma ƙafar roba ba ta zama a kan gwiwar da ba ta miƙewa.

Tambayarka ta zaman tahiya ta tuna mini da abin da ya faru a birnin Jaifur na ƙasar Indiya. Likitan ƙashi P. K. Sethi ya lura cewa mutanen karkara suna ajiye ƙafafun da aka yi musu irin na Turai su koma kan sanda, domin an ƙera su ne don mai sa takalmi yana zama a kujera, su kuwa a ƙasa suke zama, suna tsuguno, suna shiga gona ba takalmi. A 1968 shi da wani gwanin sana'ar hannu, Ram Chandra Sharma, suka fito da tafin ƙafa na roba mai lanƙwasa wanda ruwa da taɓo ba sa ɓata shi, kuma tun 1975 wata ƙungiyar agaji a birnin take sa wa mutane shi kyauta. Saboda haka idan ka je awo ka faɗa wa mai aikin komai dalla-dalla: kana noma da fartanya a sunkuye, kana shiga fadama, banɗakin gidanku na tsuguno ne, kana son zama a tabarma da sallah. Ba kowace ƙafa ce take ba da damar cikakken zaman tahiya ba, wasu sukan miƙe ƙafar gefe ko su cire ta lokacin sallah, kuma malamai sun yi bayani a kan sauƙin da addini ya yi wa mai uzuri, sai ka tambayi limaminku.

Daga Gaya ba ka da nisa da asibitin ƙashi na Dala a Kano, inda ake da sashen haɗa ƙafafu da hannuwan roba, kuma ƙungiyar Red Cross ta ƙasa da ƙasa ta yi aiki da wannan sashe, kamar yadda ta taimaka aka buɗe wata cibiyar a asibitin koyarwa na Maiduguri. Ka sani cewa ba zuwa ɗaya ba ne. Za a ɗauki siffar dungulminka da filasta, a haɗa mazubi, ka dawo gwaji, sannan ka yi kwanaki kana koyon tafiya tsakanin ƙarafa biyu kafin a sallame ka. A shekarar farko dungulmi yakan ci gaba da ramewa, mazubin ya yi maka yawa, sai a ƙara safa ko a sake wani, ita kanta ƙafar kuma bayan 'yan shekaru sai an canza ta, musamman ga mai aikin ƙarfi. Ka tanadi kuɗin motar waɗannan tafiye-tafiye tun yanzu, kuma in da hali ka fara zuwa da rani, domin damina ta same ka ka riga ka saba da ita. Kowane dare in ka cire ƙafar ka wanke dungulmin ka shanya shi, ka duba ko akwai inda ya goge ko ya yi ƙuraje, in ka ga haka ka koma kan sanda ka je a sassaƙe maka mazubin kafin wurin ya fashe.